Ciwon a gaɓoɓi yake, me ya kawo jini ciki?

Maman_Biyu:
Salam jama'a dan Allah masu sani ku taimaka min. Yayata ce likita yace tana da amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, yatsun hannunta duka biyun sun kumbura, da safe sai tafi awa ɗaya bata iya dunƙule hannu ba. To abinda ya ɗaure min kai duk zuwa sai an ɗebi jininta, kuma yanzu ance jinin yayi ƙasa sannan filatilet, wai ƙwayoyin dake tsayar da zubar jini, sunyi yawa. Ciwo a gaɓa, ina ruwan jini?

Ɗan_Lab:
Wslm 'yar uwa, Allah ya bata lafiya. Ai daga jinin rigimar take tasowa. Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin garkuwar jiki, to a wannan cutar sai su rikice su afkawa wata siririyar fata dake lulluɓe da cikin gaɓa. A cikin fararen nan, ƙwayoyin T su ke kiran sauran, ƙwayoyin B kuma su ƙera abubuwan da muke nema a gwajin jini na RF da anti-CCP, sai wasu fararen da ake kira makarofej su dinga zubo sinadarai irinsu TNF da IL-6 waɗanda ke buɗe hanyoyin jini wasu ƙwayoyin su ƙara kwararowa, wasu fararen masu suna nutrofil su cika ruwan gaɓar, shine kike ganin kumburi da zafi. In abin ya daɗe fatar nan kauri take ta fara cin guringuntsi, har ƙwayoyin dake narkar da ƙashi a tayar dasu, shiyasa wasu yatsunsu ke karkacewa.

Anti_Nas:
Bari in ƙara akan ƙarancin jinin tunda shi yafi damunki. Wannan IL-6 ɗin yana sa hanta ta fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, shi kuma ya kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiyarsa, ɓargo ya rasa abin haɗa jajayen ƙwayoyi. Ƙarfen yana nan jiki, fitowa ne baya yi, dan haka kar ku saya mata maganin ƙarin jini da kanku sai an auna. Yawan filatilet ma kumburin ne ke kawo shi, kuma suma basa zama haka kawai, suna sakin wasu 'yan ɓarɓashi dake ƙara hura wutar a cikin gaɓa.

Maman_Biyu:
Kai nagode sosai wlh, yanzu na gane. To in kumburin ya lafa jinin zai dawo?

Anti_Nas:
Yawanci yana dawowa ƙanwata. Amma ta cigaba da zuwa gwajin jinin ko taji sauƙi, da gwajin ESR da na CRP ake gane ko kumburin na sauka, kuma in maganin metotireksat take sha yana iya rage ƙwayoyin jini ko ya taɓa hanta. Sau ɗaya a sati ake shansa fa, ba kullum ba, dan Allah ki tabbatar ta riƙe wannan.