Kuɗin Amurka da faɗuwar Faransa a Dien Bien Phu

Ɗalibin tarihi, Dundaye:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske game da yaƙin da Faransa ta yi a Biyetnam daga 1946 zuwa 1954. Tun da a shekarar ƙarshe Amurka ce ke biyan kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin yaƙin, yaya aka yi Faransa ta sha kashi a hannun mayaƙan Ho Chi Minh, jagoran 'yan kwaminis masu neman 'yancin Biyetnam?

Tsohon malami, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gudummawar ta fara ne a 1950, bayan Mao ya karɓi mulki a Sin, kuma tsoron kwaminisanci ne ya sa Amurka ta buɗe bakin aljihu, ba ƙaunar mulkin mallaka ba. Da Janar Navarre ya karɓi jagorancin sojojin Faransa a 1953, sai ya tsara cewa zai kauce wa babban karo a arewa har ya gama horar da sojojin Biyetnam masu goyon bayan Faransa, sannan ya kai farmaki, kuma a kan wannan tsari Amurka ta ƙara kuɗi. A ganina shi da kansa ya warware tsarin, domin a Nuwamban 1953 ya sauke sojojin laima a Dien Bien Phu, wani kwari da tsaunuka suka kewaye, wai don ya tare hanyar maƙwabciyar ƙasa Lawos, alhali abinci da harsashi duk sai jirgin sama ya kawo.

Mai karatu, Mabera:
Allah ya gafarta malam, kada a manta da Sin, wadda ta ba Janar Giap, kwamandan mayaƙan Ho Chi Minh, igwa da mashawarta. Mutanensa sun ja manyan bindigogin nan da igiya har bisa tsaunuka, sun haƙa musu ramuka, wasu kuma suna tura kekuna maƙare da buhunan shinkafa ta cikin daji. An buɗe wuta ranar 13 ga Maris 1954, kafin watan ya ƙare filin jirgin sansanin Faransa ya daina aiki, sansanin kuma ya faɗi ranar 7 ga Mayu.

Baƙo daga Illela:
Da wuya ta yi wuya Faransa ta roƙi Amurka ta kawo jiragen yaƙi, amma shugaban Amurka Eisenhower ya ƙi sai da yardar majalisa da haɗin kan Ingila, firaministan Ingila Churchill kuwa bai amince ba. Yaƙin ya shafi maƙwabtanmu ma, domin Faransa ta kai sojojin Afirka ta Yamma can, har da Seyni Kountché wanda daga baya ya mulki Nijar.