Wa ya taɓa haɗa manhaja daga tushe aiki ya tsaya mashi a hanya?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa sauke kod ɗin buɗaɗɗiyar manhaja ya haɗa ta da kanshi a Linux ya zo ya faɗa mana yadda ta kaya. Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne README, fayil ɗin bayanin da ke zuwa da kod ɗin, ta ce maka ka buga ./configure, make, make install shi ke nan, ka fara da murna, sai can tsakiya aiki ya tsaya wai babu makeinfo. Makeinfo ɗin nan cikin texinfo yake, littafin bayani kawai yake haɗawa, ita manhajar ba ta buƙatarshi wurin aiki ko kaɗan. To mi ya sa za a ɗaure make da shi?

Na Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. In ka buga make tsurarshi, umarnin farko da ke cikin Makefile, fayil ɗin da ke gaya mashi yadda za a haɗa manhajar, yake bi, galibi sunanshi all, kuma duk abin da mai aikin ya cusa cikin all ɗin nan sai an haɗa shi ko kana so ko ba ka so. Shi mai aikin kwamfutarshi cike take da kaya tun shekaru, bai ma san wani ba shi da su ba. Ni na gamu da wadda ta fi taka, wata 'yar manhaja ƙarama amma sai ta fitar da bayaninta a PDF, wato sai LaTeX mai tsara rubutu, na duba ƙunshinshi texlive-full na ga gigabait ne masu yawa, ga data ta kusa ƙarewa ga an ɗauke wuta batir na ja, wlh rufe kwamfutar na yi na haƙura ranar. Dubi Git kuwa, manhajar ajiye kod, make na haɗa shirin kawai, mai son bayani ya buga make doc daban, a nan ne za a nemi asciidoc da xmlto. Haka ya kamata kowa ya yi.

'Yar Daura:
Yaya ni tawa matsalar tun kafin make ne. Muna aikin makaranta na yi git clone don in sauke kod ɗin, na shiga, babu ma fayil ɗin configure ɗin da aka ce in buga, sai wani configure.ac. Na ɗauka saukewar ce ba ta kammala ba na goge na sake, nan ma data ta tafi. Wata ƙawata ce ta nuna mani autoreconf -i mai fitar da configure ɗin, shi ma sai da na saka autoconf da automake da libtool tukun ya yarda. Layi ɗaya da sun rubuta a README da an huta.

Na Sabuwar Unguwa:
Ƙanwata dalili shi ne configure ba da hannu ake rubuta shi ba, autoconf ke fitar da shi, shi ya sa da yawa ba sa ajiye shi a git. Ƙunshin tar.gz da suke saki a hukumance shi ke zuwa da shi a shirye, don kada mai saukewa ya nemi waɗancan kayan. Sauƙi ne sosai, amma ku tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil, a watan Maris 2024, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wani ɓangare na ƙofar bayan da aka dasa, wato ɓoyayyar hanyar kutse, cikin fayilolin haɗawa na ƙunshin yake, babu shi a git. Andres Freund ne ya gano. Tun lokacin nake karanta abin da zan buga kafin in buga.

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Malamai ni ko kwamfuta ba ni da ita, Termux, mai ba da damar buga umarnin Linux, nake amfani da shi a waya tsakanin kwastoma da kwastoma. Can clang ake da shi wurin haɗa kod maimakon gcc da aka saba a Linux, to akwai Makefile da na gamu da shi an rubuta gcc ƙiri-ƙiri a ciki har da wasu zaɓuɓɓukan da clang bai sani ba, sai da na bi layi layi ina gyarawa. Kuma kada wanda ya ce mani in buga make -j8, wato aiki takwas lokaci guda, a waya, zafi take ɗauka ta kashe aikin, -j2 ya ishe ni.

Malamin kwamfuta, Ƙofar Durɓi:
Akwai wadda ta fi tsayawar aiki haɗari, ita ce wadda aiki ya ƙare lafiya amma da giɓi. Ɗalibaina na haɗa Python daga tushe ba tare da libssl-dev ba, komai ya tafi daidai, sai an zo pip, mai sauke ƙarin kayan Python, ya ce babu ssl, sashen tsare sadarwa da libssl-dev ɗin ke samarwa, dole a sake haɗawa daga farko. Saƙon yana nan kusa da ƙarshen make, ya lissafa sassan da ba a samu kayansu ba, amma wa ke karantawa cikin wannan tulin rubutu. Yanzu kafin su taɓa komai ina sa su saka build-essential da pkg-config, su kuma gane cewa laburare daban, ƙunshinshi mai -dev, wanda ake buƙata wurin haɗawa, daban. In manhajar na cikin Debian ko Ubuntu, apt build-dep da sunanta zai jawo duk kayan haɗin lokaci guda, sharaɗi dai a kunna deb-src, layin kod na tushe cikin saitin apt. Sannan su sa ma configure --prefix=$HOME/.local, wato wurin da za a girka manhajar, don in ba a faɗa ba /usr/local make install yake zubawa, kuma ba kowane aiki ke da make uninstall ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri Malam, wannan build-dep ɗin yau na fara jinshi. Na duba configure --help na manhajar tawa, babu zaɓin kashe littafin bayani. Zan gwada ƙara mata --disable-docs da jerin kayan buƙata a README in tura masu gyaran, Yaya na Sabuwar Unguwa dan Allah in na gama ka duba mani configure.ac ɗin kafin in tura.

Na Sabuwar Unguwa:
Turo bayan isha'i in sha Allah, ka haɗo da config.log ɗinka, rahoton da configure ke bari.