"Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta": alama ake nufi ko shiri?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku raba mu gardama a kan karin maganar nan. Ni dai yadda na ɗauke ta magana ce a kan tsara sati, ka san abin da kake so ka gama kafin Juma'a, ka raba shi kwana-kwana, in Laraba ta zo ka duba ina ka kai. Haka nake gaya wa yaran shagonmu, sai maƙwabcina a layi ya ce wai na murɗe ta, ba haka Bahaushe yake nufi ba.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Maƙwabcin naka bai yi kuskure ba gaskiya. Inda aka saba kawo ta wajen alama ne. An kawo sabon yaro shago, tun satin farko ya fara makara yana kawo uzuri, sai maigida ya girgiza kai ya faɗe ta. Ko wajen neman aure in aka ga take-taken yaro tun kafin a sa rana. Maganar mai kallo ce daga gefe, ba umarni ba ce. In shiri kake so ka koya musu akwai wadda ta fi dacewa, ba a fafe gora ranar tafiya. Shi gora ai sai an fafe shi an ƙwaƙule cikin an jiƙa shi kwanaki ɗacin ya fita, wanda ya bari sai ranar tafiya ruwa mai ɗaci zai sha a hanya.

Mai Ɗinki Hotoro:
Malam ka yi haƙuri ni ban yarda duka ba. Toh ita alamar daga sama take faɗowa? Ai wani ne ya yi ta da hannunsa. Mu teloli mun fi kowa sanin Juma'ar nan don yawancin ɗaurin aure da biki daga Juma'a zuwa Lahadi ne, kuma wallahi in Laraba ta yi atamfa tana nan a leda ba a ko yanka ta ba to ki fara shirya haƙurin da za ki ba kwastoma. Ni littafi gare ni ɗan ƙarami a kan keke, daren Lahadi nake zama in rubuta, Litinin yanka, Talata haɗi, Laraba in aika wa mai sa dutse abin da za a sa wa dutse, Alhamis guga da sa a leda, kuma ba na karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfin satin ko da kuwa 'yar'uwata ce ta kawo, don in wuta ta ɗauke ranar Alhamis ba wanda zai ji uzurina. Mai kallo yana gane Juma'a daga Laraba, eh, amma mai aikin ita ta san abin da ta yi Litinin.

Mai Adaidaita:
Hajiya naku da sauƙi kuna zaune wuri ɗaya. Mu da muke kan titi wane tsari za mu yi? Ka fito da asuba da niyya mai kyau taya ta fashe a Kurna, ko ka maƙale a cunkoson Ƙofar Wambai rabin yini ya tafi. Ni gani nake yawan lissafin nan yana sa mutum damuwa kawai, gobe ta Allah ce.

Ɗan Kwari:
Ƙanina tambaya ɗaya, balas ɗin da kake kai wa mai mashin kullum ne ko sai ka ga dama?

Mai Adaidaita:
Kullum ne mana Alhaji, da kuɗin mai da na cefane, sai adashi da nake zubawa duk sati.

Ɗan Kwari:
Toh ai ka fi mu tsari ma, kawai dai wani ne ya ɗora maka. Ka san kafin azahar ya kamata balas ya fito, bayan la'asar na gida kake nema. Abin da nake cewa ka ƙara naka a kai wanda ba wanda ya tilasta maka, ko da ɗan abin da za ka ware ne saboda ranar da tayar za ta fashe, ko na mallakar mashin ɗin kanka.

Gardi:
Allah ya ƙara sani. Gobe ta Allah ce ba shakka, amma a duba Suratul Kahfi aya ta 23 da 24, ba a hana mu cewa za mu yi abu gobe ba, cewa aka yi mu haɗa da in sha Allahu. Kuma hadisin mai raƙumi sananne ne, Annabi SAW ya ce masa ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Mu a makarantar allo da wannan aka raine mu. Alƙur'ani izu 60 ne, ba wanda ya taɓa haddace shi da buri, allo ɗaya ake rubutawa a biya a wanke a sake. Mai izu 2 kullum zai sauke a kwana 30, mai cewa zai zauna rana ɗaya ya yi izu 20 yawanci ba ya komawa. Hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ma ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Sannan ku lura, a wurinmu Laraba ce ƙarshen satin karatu, ranar ake kai kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a hutu. Yaron da bai iya allonsa ba zuwa Laraba malam ya riga ya san yadda satin ya tafi.

'Yar BUK:
Kai wannan bayanin ya yi min Malam. Mu a hostal abin da nake gani shi ne mutum zai cika takarda da abubuwa ya manna a bango har da kala-kala, sati ya ƙare bai taɓa ko ɗaya ba sai waya. Kakata takan ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da masu rubutu ba aiki. Abu 2 ko 3 a rana ya isa, kuma a sa musu lokaci da salla, wannan bayan asuba, wancan tsakanin la'asar da magariba, ya fi alam ɗin waya tasiri.

Malamin Hausa:
Na ji hujjar Hajiya kuma tana da ƙarfi. Amma ina nan a kan bakana, in ka ce da yaro Juma'ar da za ta yi kyau, abin da zai ji shi ne ka yanke masa hukunci, ba wai kana ba shi shawara ba, zai iya karaya ma. In kai kake gaya wa kanka ranar Laraba da daddare kana duba littafinka, wannan na yarda ta zauna daidai.

Mai Adaidaita:
Toh Hajiya in Larabar ta zo na ga ban kai rabi ba fa, in ƙara awanni ne ko in rage abin da na ɗauka?

Mai Ɗinki Hotoro:
Rage za ka yi ɗana, kar ka kashe kanka da tuƙin dare. Ni a ranar nake kiran wadda kayanta ba na gaggawa ba ne in ce mata sai sati mai zuwa, ta fi jin daɗin ta ji tun Laraba a kan ta zo ranar Juma'a ta tarar ba a gama ba.