Neman shawara: in bar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa amsa mini kwastomomi a WhatsApp?

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Ina sarin albasa da wake da busasshen barkono a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yawancin masu sayen kayana gidajen abinci ne na Ikeja da Surulere da Lekki. Saƙonni kan kai tamanin a rana, wasu da Turanci, wasu da buroka, wasu da Yarbanci, ga saƙon murya na masu yi mini lodi daga Aliero da Kano. Yaron shago ɗaya ne ke amsawa, kuma abin ya fi ƙarfinsa. Wani matashi ya ce zai haɗa mini na'ura mai ƙirƙirarriyar basira a kan naira 350,000, sai 40,000 duk wata. Ya ce za ta faɗi farashi, ta karɓi oda, ta duba rasit ɗin tiransifa, ta kuma rubuta bashi. Masana, ku ba ni shawara kafin in saki kuɗi.

Injiniya, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ayyuka huɗu ya lissafa maka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Waɗannan manhajoji, ChatGPT da Gemini da Claude da ire-irensu, an horar da su ne a kan rubutu mai tarin yawa har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya. Shi ya sa suka iya tsara zance da fassara. Amma ba su san nawa buhun albasa ya kwana jiya a Mile 12 ba. Idan aka tambaye su ba a ba su farashin ba, suna iya ƙago lamba mai kama da gaskiya su faɗe ta ba tare da wata shakka ba.

Don haka farashi kada ya fito daga kan na'urar. Ya zauna a jadawali guda na Google Sheets mai layi huɗu: sunan kaya, ma'auni (babban buhu, solo, kwando), farashi, da ranar da aka sa shi. Kai ko yaronka ku sabunta shi kowace safiya bayan an sauke mota. A umarci na'urar cewa daga jadawalin kaɗai za ta karanta, idan kuma kwanan watan ba na yau ba ne, ta ce wa mai saye a dakata Alhaji zai tabbatar. Wannan sharaɗin na kwanan wata shi masu haɗawa suka fi mantawa, kuma a kayan gwari nan ne asara take, domin farashin Litinin ba ya kai Laraba.

Kada a ɗauka in na'ura ta yi kuskure za a ce laifinta ne. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja, saboda na'urar hirar kamfanin ta faɗa masa ƙa'idar rangwame da ba haka take ba. Abin da ta faɗa da sunanka, kai ka faɗa.

Hajiya Mai Lissafi, Idi-Araba:

Alhaji, maganar duba rasit ka cire ta gaba ɗaya. Hoton rasit ba shaidar biya ba ne. Na'urar za ta karanta suna da adadi da lokaci ta ce sun yi daidai, alhali irin fasahar nan ce yanzu ake amfani da ita a gyara hoton cikin minti ɗaya. Kaya ba sa barin shago sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna a asusu. Alat na tes ma ana ƙirƙirarsa.

Bashi kuwa za ta iya taimakawa, amma a matsayin magatakarda kawai. A ɗauki hoton shafin littafi da hasken rana, a tsaye, shafi ɗaya hoto ɗaya, a ce ta mayar da shi jadawali. Sannan yaro ya bi layi-layi da yatsa yana gwadawa da littafin, domin a rubutun hannu tana rikita 1 da 7, tana kuma cin sifili. Sifili ɗaya ne tsakanin 85,000 da 850,000. Jimla a bar wa jadawalin ya haɗa da kansa, lissafinsa ba ya canzawa. Littafin takarda kuma kada a jefar da shi.

Kafin a ɗauki hoton a rufe lambobin waya da na asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe bayanan kwastomomi, kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. A ChatGPT a shiga saiti, wajen kula da bayanai, a kashe maɓallin da ke ba da damar horar da manhajar da hirarka. BVN da NIN da lambar sirrin da banki ke turowa ba a rubuta su a kowace hira.

Ɗan Computer Village:

Baba, tambaya ɗaya za ta nuna maka ingancin aikin matashin: ta wace hanya zai jona na'urar da lambarka? Idan ya ce ka ɗauki hoton lambar QR kamar mai buɗe WhatsApp a kwamfuta, sannan wata manhajarsa ta riƙa tura saƙo a madadinka, to hanyar bayan fage ce, ta saɓa ƙa'idar WhatsApp, kuma ana rufe lamba a kanta. Lambar da gidajen abinci suka sani shekara da shekaru ita ce rabin jarinka. Halastacciyar hanya ita ce layin kasuwanci da ake kira API, na Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp. A nan idan kwastoma ya yi magana kana da awa 24 ka amsa yadda ka so. In sun wuce, sai da saƙon da Meta ta riga ta amince da tsarinsa, kuma ana biyan kuɗinsa. Ka tambaye shi ko wannan kuɗin da na kamfanin manhajar suna cikin 40,000 ɗin, domin da dala ake lissafa su.

Asusun kasuwancin da imel ɗin da lambar duk su kasance da sunanka, shi a ba shi izinin shiga kawai. In kun ɓata gobe ka cire shi, shagonka na nan.

Malam Tafinta, Obalende:

Ni wajen harshe zan tsaya, don nan ne aka fi yaudarar mutanenmu da gwaji mai kyau. Turanci ba matsala, buroka ma suna ƙoƙari. Hausa da Yarbanci sun fi rauni saboda rubutunsu a intanet kaɗan ne in an gwada da Turanci, Hausar kasuwa kuwa kusan ba a rubuta ta. Mai lodi zai ce maka "ashirin ba biyu", kai ka san 18 yake nufi, na'ura tana iya rubuta 20 ko 22. An taya kaya ka ce "albarka", ma'ana ba ka sayar ba, ita sai ta ɗauka addu'a ce ko godiya, ta fassara wa mai saye kamar an daidaita. Haka "na sallama" da "la'ada" da "jaka". Ga hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta a bayan saƙon murya.

Ana dai motsawa. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya tare da kamfanin Awarri na nan Legas sun fitar da N-ATLAS, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Abin farin ciki ne, amma kowace manhaja ce sai ka gwada ta da kayanka. Ka tattara tsofaffin saƙonni 50 na gaske, a goge sunaye, a haɗa da masu wuya: mai neman ragi, mai ƙorafin albasa ta ruɓe, mai cakuɗa Yarbanci da Turanci. A ba na'urar a gabanka, kana riƙe da biro. Kuskuren salo a yafe. Kuskure ko ɗaya a farashi ko adadin buhu, a koma a gyara kafin a yi maganar kuɗi.

Wani abu kuma, Alhaji, yanzu ana kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya. Duk saƙon da ya zo da muryar mai lodinka yana cewa a tura kuɗi sabon asusu, a kira tsohuwar lambarsa a ji daga bakinsa.

Ɗan Computer Village:

Ƙari kaɗan. Kafin a kashe ko sisi, manhajar WhatsApp Business ta kyauta tana da katalog na kaya, da saƙon maraba, da saƙon "ba ma kusa" na dare, da amsoshin da ake tanada a kira su da alamar /. Tambayoyin da ake maimaitawa, ina shago, nawa ne kai kaya Lekki, ƙarfe nawa kuke buɗewa, wannan ya ishe su.

Injiniya, Agege:

Gaskiya ne, sai dai bai isa ga odar dare ba. Masu gidajen abinci sai sun rufe suke lissafin abin da ya ƙare, sha ɗaya ko sha biyun dare, da dogon saƙo a cakuɗe. A nan na'urar take da amfani na gaske: ta tsamo kaya da adadi da unguwa da lokacin kai wa, ta maimaita wa mai saye ya ce e, ta jera su kafin asuba.

Mai Albasa, Mile 12:

Allah ya saka da alheri. To yanzu me zan ce wa matashin, kuma yaya zan biya shi?

Injiniya, Agege:

Ka ce masa aiki biyu kake so, karɓar oda da karanto farashi daga jadawali. Ragi da bashi da ƙorafi da tabbatar da biya, da zarar sun taso na'urar ta ce Alhaji zai kira, ta turo maka sanarwa. Ta kuma faɗa wa mutane tun farko cewa na'ura ce ke amsawa. Biya kashi uku: na farko in ya jona ta halastacciyar hanya da sunanka, na biyu in ta ci gwajin saƙonni 50 na Malam, na ƙarshe bayan mako biyu tana rubuta amsa yaronka yana dubawa kafin a tura. Ku rubuta a takarda, da shaida, har da yadda za ka kashe ta da kanka daga wayarka ranar da ta rikice.