An bar wa ƙanwata roba a baya bayan fiɗa, me za mu yi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Shekaranjiya da dare muka kawo ƙanwata Maradi daga wajen Tibiri, naƙuda ta ƙi ci gaba, mijinta yana Agadez, ni da Inna kaɗai muka yi ta faɗi-tashin neman mota. An yi mata sezariyen, yaro lafiya lau. Amma an bar mata siririyar roba a gadon baya. Tana ta susar hanci da ƙirji, in ta zauna kai ya sara. Inna ta ce allurar baya ke jawo ciwon baya har tsufa, a cire. Na ba ta tramol ɗaya. Na yi daidai?

Ungozoma: Wa alaikumus salam, barka da arziki. Kin tabbata roba ce? Yawanci a nan rashi ake yi, wato allura ɗaya a baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ba a barin komai.

Mai tambaya: Yaya, da idona na gani, an liƙe ta da filasta har kafaɗa.

Mai allurar barci: To feridural ce, robar da ake bari a baya don a riƙa zuba maganin kashe zafi ta cikinta. Kada kowa ya ja ta. Idan ana yi mata allurar hana daskarewar jini a fatar ciki, sai awa 12 ta wuce bayan ta ƙarshe ake cire robar, allura ta gaba kuma a jira awa 4 bayan an cire. In aka saɓa, jini na iya taruwa ya danne jijiya. Ƙaiƙayin daga morfin ne, maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake sawa a allurar baya, yana lafawa. Abin tsoro shi ne tramol a kan morfin: ku ƙirga numfashinta na minti ɗaya, in bai kai 10 ba ko ta yi wuyar tashi, ku kira likita nan take. Ciwon bayan da Inna ke faɗi, ciki da ɗaukar yaro ke kawo shi.

Ungozoma: Ciwon kan kuwa ta sha ruwa da shayi, ta kwanta. Abin da ke ci min rai, masu jinya sai su ɓoye maganin da suka ba mai jego, sai an shiga uku su faɗa.

Mai allurar barci: Ruwa ba ya toshe huda, Hajiya. Ciwon kan da ke tashi in an zauna, ya kwanta in an kwanta, alamar ruwan laka na yoyo ce ta hudar da allurar baya ta yi. In ya dage, jininta ake ɗiba, kamar mililita 20, a zuba wurin ya toshe. Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce 4 a yini. Ƙafa ta sake mutuwa, zazzaɓi, ko ruwa a bakin robar, ba a kwana da su. Kuma a dakata da ruwan zafin jego, fatar da ba ta ji sai ta ƙone.

Mai tambaya: Malam, kuka take yi, ba wanda ya leƙo, ya zan yi? Tramol ɗin ɗaya ne tak. In na faɗa za su yi min faɗa gaban Inna.

Mai allurar barci: Gara faɗan. Tramol yana bin nono zuwa ga jariri. Ƙarfe nawa ta sha?

Mai tambaya: Inna ta aika gida a dama kunun kanwa. Shi ma an hana?