Neman shawara: a ina zan samu tudu da kwari na yin gudu a kusa da Katsina?

Malamin makaranta, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san ƙauyukan da ke kewaye da birni. Shekara guda ke nan da 'yan watanni ina gudun motsa jiki bayan sallar asuba. Da na fara, zagaye biyu a filin wasa na Karkanda ya isa ya sa ni haki, yanzu kuwa alhamdulillahi ina yin kilomita 8 a bakin titi ban tsaya ba. Burina in shiga gasar Okpekpe ta jihar Edo, mai kilomita 10, wadda ake yi a watan Mayu. An ce min hanyar duk hawa da gangara ce, ni kuma ƙafata ba ta san komai ba sai shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Makon jiya na je ɗaurin aure wani ƙauye, na ga tudun marmara a bayan gari, na hau shi da gudu sau 4, na sauko da gudu. Kwana 3 na yi ina jan ƙafa, har yanzu in na tashi daga sujada ƙoƙon gwiwata ta dama yana min zafi. To a ina zan samu hanya mai tudu da kwari, ko bakin gulbi, wadda ba ta da nisa da gari? Wani abokina ya ce mu riƙa zuwa duwatsun wajen Batsari ranar Asabar. Me kuka gani?

Tsohon soja, Kwado:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar Batsari ka ajiye ta tukuna. Duwatsu kam akwai su, masu kyau ma, amma yankin Batsari da Safana da Jibiya, duk abin da ya kusanci dajin Rugu, ba wurin da baƙo zai shiga da sanyin asuba ba ne yana gudu shi da abokinsa. Bayan 'yan bindiga, akwai wani haɗarin da matasa ba ku cika tunawa da shi ba: mutanen ƙauye sun sha wuya, a tsorace suke. Su hangi baƙuwar fuska tana gudu a bayan gari da duku-duku, waya a ɗaure a dantse, ba za su ce ɗan wasa ba ne, infoma za su ce. Kafin ka gama bayani an taru a kanka.

Duk ƙauyen da ka zaɓa, ko da na kusa ne, ka fara zuwa da rana tsaka. Ka gaida mai unguwa, ka gaya masa ko kai wane ne, a ina kake koyarwa, wace rana za ka riƙa zuwa. Ka nemi a haɗa ka da 'yan sintirin garin. Katin shaidarka ya zauna a aljihu. Kuma ka bari gari ya waye sosai, yadda mai tafiya gona zai gane fuskarka daga nesa.

Batun tudu kuma, ba dutse mai tsawo kake buƙata ba. Lokacin da muke horo, gangare guda ake samar mana, wanda mutum zai hau cikin minti ɗaya, a yi ta maimaita shi har ƙafa ta saba. Irin wannan ba sai ka bar ƙaramar hukumar Batagarawa ba.

Mai lambu, Ajiwa:
Malam, ka zo wajenmu. Nan gefen dam akwai hanyoyin ƙasa da ke sauka zuwa fadama su sake hawa tudu, kuma da safe ba ka rasa mutane: masu kai tumatir da albasa kasuwa, masu ban ruwa, masu kamun kifi. Hawan ba mai tsanani ba ne, amma in ka yi shi sau 6 za ka ji a cinya.

Roƙona ɗaya. Ka bi burtali ko turbar da babura ke bi, kada ka yanke ta cikin lambu. Bara wasu samari sun zo daga birni da kayan wasanni, suka ratsa ta kan fangalin albasar maƙwabcina wadda aka dasa kwana biyu, suka karya bakin kwatar ruwa. Wuni guda ya yi yana gyara, ransa a ɓace. Kai abin da ka gani fili ne kore, shi kuwa kuɗin takinsa da man injinsa ne a wurin. In ka haɗu da garken shanu a burtali ka rage gudu ka koma tafiya, ka yi wa makiyayi sallama. Karnukan ruga mai gudu suke bi, ba mai tafiya ba. Sannan takalminka ya zama mai kaurin ƙasa, don tsidau yana huda siririn kambas, ƙarangiya kuma in ta kama safa sai ka zauna cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, kowa yana ba ka hanya, ni gwiwar ce ta dame ni. Ba hawan ne ya ji maka ba, saukowar ce. In mutum yana gangarowa da gudu, naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin jiki kamar birki, ƙoƙon gwiwa kuma yana shan matsi a kowane taku, balle in kana buɗe ƙafa sosai kana dira da dunduniya. Ka huta da gudu har sai ka iya hawa bene da tashi daga sujada ba zafi. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ta wuce mako biyu ba sauƙi, ka je asibiti a duba, kada ka kai ta wurin mai ɗori a yi ta murza.

In ka warke, ka fara da hawa da gudu, saukowa da tafiya. Sau 4 ya isa a makon farko, rana ɗaya kawai a mako, sauran ranakun ka ci gaba da kwaltarka. Bayan wata guda sai ka fara koyon gangarowa da gajerun taku, a kan gangare mai sauƙi. Dole ka koye ta, tunda a gasar ba za ka sauko da tafiya ba, amma a hankali.

Sai zafi. Shirinka zai faɗa cikin Maris da Afrilu, lokacin da Katsina ke kai maki 40. Ka gama kafin ƙarfe 8. In ka yi gumi da yawa ka haɗa ruwa lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma don Allah kada zafi ya sa ka faɗa ruwan dam ka ce za ka wartsake, tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta.

Ɗan Daura:
Ni ina ganin an manta da abin da Allah ya ba mu da yawa, wato yashi. Nan Daura ba mu da wani tudun kirki, amma da rani in ƙorama ta ƙafe, gudun minti 10 cikin rairayinta ya fi rabin awa a kan titi wahala. Ni wajen dam ɗin Daberam nake zuwa. Ƙafa tana nutsewa, sai ka ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa. Malam ya gwada, ko a gulbin da ya fi kusa da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Ƙaura:
Yashi yana ƙara ƙarfi, gaskiya ne, amma yana jan agara da dambubu sosai. Wanda bai saba ba ya fara da minti 5, a inda yashin ya ɗan daskare. Kuma ba ya maye gurbin gangara.

Direban tifa, Jibiya:
Tunda an kawo maganar gulbi bari in sa baki, don a cikinsa nake neman abinci. Inda muke ɗibar yashi muna barin ramuka, wasu sun kai ƙugu, iska ta rufe bakinsu da ɓuraguzai. Ka fara taka wurin da tafiya ka gani da idonka. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, kada ka shiga cikin gulbi ko da ka gan shi a bushe, sama kuma garau. Ruwa yana iya sauka can nesa, kai ba ka ga ko hadari ba, sai dai ka ji ƙugi a bayanka. Mu 'yan Jibiya ba mu manta da ambaliyar watan Yulin 2018 ba, da dare ta zo, ta ci fiye da mutum 40. Haka kuma gindin duwatsu da cikin ciyawar bakin fadama, nan kububuwa ke kwanciya. Ka tsaya kan turbar da ake takawa.

Ɗalibi, Dutsin-ma:
Malam, in ka samu hutun ƙarshen mako ka zo nan, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Duwatsun a cikin gari suke, ba sai an shiga daji ba, kuma akwai ɗaliban jami'a da ke fita gudu da safe, sai ka bi ayari. Amma zagayen dam ɗin Zobe kada ka yi shi kai kaɗai, ka tambayi 'yan gari halin da ake ciki a makon, don abin yana canzawa. Kuma kada tudu ya karya maka gwiwa don ka ga 'yan Filato suna gaba a gasannin ƙasar nan. Su a Jos da Pankshin cikin tuddai aka haife su. Kai ka je ka gama kilomita 10 ɗinka lafiya.

Malamin makaranta, Ƙofar Sauri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kira abokin nawa na karanta masa abin da ka rubuta, mun janye maganar Batsari. Anti, yau da asuba na gwada tsugunawa, zafin ya ragu amma bai tafi ba, saboda haka wannan makon tafiya kawai zan yi, in ya kai Litinin ta sama zan je asibiti. Mai lambu, in Allah ya kai mu Asabar zan shigo Ajiwa da hantsi, ba da kayan gudu ba, in gaida mai unguwa in ga turbar. Wace rana ce motocin ɗaukar tumatir suka fi yawa a hanyar, don in kauce mata?

Mai lambu, Ajiwa:
Sai ka zo, Malam. In ka iso bakin dam ka tambayi masu ban ruwa, kowa zai nuna maka. Maganar motoci mu yi ta a can, in nuna maka wata turba ta bayan gonakin da mota ba ta bi, tana hawa har gindin wata tsohuwar kuka. Ka taho da hula, inuwa ba ta da yawa a wurin.