Konbertisa cikin ƙaramar remok, wane iri zan sa?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Ina da 'yar remok da nake ja da mota in za mu daji wajen Abalak duba bisashe, ciki muke kwana. So nike in sa konbertisa, na'urar da ke maida kuran batir 12V ya zama 220V irin na gida, don ƙaramin firigo da bantilo ɗaya da cajin waya. Wani ya ce in sayi mai wat 2000 kawai in huta, batir ɗina 12V ne 100Ah. Masana kuran ku taimaka don Allah.

Mai Waya Yamai:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya ce ka sayi 2000 bai tambayi batir ɗinka ba ko? Mai wat 1000 ma in ya ɗauki kaya cikakke kusan amfiya 90 yake ja daga 12V, to 2000 ninki biyu kenan, batir ɗin nan ba zai kai ko'ina ba. Kuma in na ruwa ne ko jel rabinshi kawai ake ci, wajen 600Wh, in kana shanye shi ƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba. 1000 ta ishe ka amma ka nemi pur sinus, wato mai ba da kuran sumul irin na gida, saboda firigon, injinshi in zai tashi yana fizgar kuran ninki uku ko fiye, masu arhar nan kuma sa shi suke yana gurnani yana zahi har ya ƙone.

Inda mutane ke faɗuwa kabul ne wallahi. Sai ka ga an sayi na'ura mai tsada an haɗa ta da siririyar wayar gida, ka taɓa ka ji robar ta yi laushi. Ka sa mai kaurin 35mm², gajere, kar ya wuce mita ɗaya da rabi, da fizibil, mai yanke kuran in ya yi yawa, dab da kan batir ɓangaren plus. Remok tana girgiza bisa hanyar laterit, in kabul ya goge ya taɓa ƙarfe babu fizibil gobara ce.

Baban Nana:
Gaskiya maigida ya faɗa. Ni abin da zan ƙara zahi ne, Tawa a watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40 a inuwa balle cikin akwatin ƙarfe. Kar ka rufe konbertisar cikin kaisa ɗaya da batir, batir na ruwa yana fitar da gas mai kama wuta, ita kuma iska take so. Lokacin hunturu ka riƙa hure mata ƙura.

Waya kam ka yi caji kai tsaye daga 12V, ba sai an kai 220 an dawo ba.

Ɗan Ader:
Madalla, Allah shi saka. To in na jona da batir ɗin mota fa?

Mai Waya Yamai:
A'a Alhaji, na mota don tada inji aka yi shi, za ka wayi gari cikin daji mota ta ƙi tashi. Ka bar shi daban, ka ɗora pano kamar wat 200 bisa rufin remok da regilatar mai daidaita cajin batir, in da hali ka ƙara batir na biyu don firigo ya kai safe.